Bakin Tafkin Chadi ko Hamadar Faya: Ina Saurayi Mai Sana'a Zai Nufa?

Ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Kusuri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, bayan sallar isha'i. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ke tafe da shi. Yaron ya gama koyon gyaran inji, hannunsa ya faɗa, tun daga janareta da injin ban-ruwa har injin jirgin ruwa da na mota. To amma makanikai sun yi wa Kusuri da Njamena yawa, sai ka yi aiki yau ka kwana uku kana kallon hanya. A wata guda mutum biyu suka yi masa tayi. Wani dillalin banda yana so ya bi shi yankin Darak, a Tafkin Chadi, ya riƙa kula masa da injinan jiragensa, ya kuma karɓi aikin waje. Wani direban babbar mota da ke jigilar kaya arewa kuma ya ce masa Faya, can cikin hamadar arewacin Chadi, tana neman mai hannu irin nasa, zai kama masa rumfa kusa da tasha. Ga kuma aurensa da aka sa bayan babbar sallah.

Ya ce, "Kawu, kai ka zauna duka biyun. Ina zan nufa?"

Gaskiya ne, na zauna duka biyun. Na yi kusan shekara ashirin ina sayen kifi a tumbunan tafki, wato tsibiransa, daga tsakiyar shekarun 1990 har zaman ya gagara a 2014. Bayan nan na yi shekara biyar ina tsare da shago a Faya. Amsar da na ba shi ta ci mana dare uku, na kuma ga ya kamata in rubuta ta, domin samari da yawa a Kusuri da Marwa da Njamena suna tsaye a wannan mararraba. Wasu malaman makaranta ne da aka tura, wasu ma'aikatan lafiya, wasu 'yan tireda masu ɗan jari.

Wanda ya kalli taswira zai ce ai babu haɗi. Daga Kusuri, in da rani ne, ka kama hanyar Maltam ka bi ta Makari, a yini guda ka isa bakin ruwa ka shiga jirgi. Faya kuwa kilomita wajen dubu ce a mota daga Njamena. Kwalta takan raka ka har Masakori, daga nan sai Musoro, sai Salal, sai Kuba Olanga, sannan ka faɗa rairayin Jurab inda babu hanya sai sawun wanda ya riga ka, shi ma iska ta shafe rabinsa. Ƙaramar mota mai ƙarfi takan yi kwana biyu ko uku. Babbar mota mai kaya, in taya ta fashe ko ta kafe a yashi, mako guda ba abin mamaki ba ne.

Sai dai nisan Faya nisa ne mai amana. Yadda ka san shi bara haka za ka same shi bana, ka tanadi ruwanka da manka da guzurinka, ka bi direban da ya san rijiyoyi. Kusancin tafki shi ne mai yaudara. Ƙasar da ke tsakanin Kusuri da bakin ruwa baƙar laka ce mai danƙo, da ruwan sama ya zauna a watan Yuli mota ta daina bi da daɗi, har wajen Oktoba. A cikin tafkin kuma ciyawa tana tafiya da iska, mashigar da ka bi da safe ka dawo da yamma ka tarar ta toshe. Ga shingayen jami'an tsaro, ga lokutan da ake hana jirgi motsi da dare. Na taɓa kwana huɗu a tumbu ina hangen gaɓa da idona, ba halin isa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, a tafki na gane ma'anar wannan magana.

Ta wajen abinci kuwa, tafki ya yi wa Faya fintinkau, ba na ma son a ja zancen. Tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu, wani lokaci giwan ruwa ko yauni, ka ci ɗanye da rana ka ci banda da dare. Ruwan tafkin yakan cika a wajen Nuwamba zuwa Janairu, bayan kogin Shari da na Logone sun kawo ruwan daminar kudu, su ne ke ba shi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa. Da ya fara ja, mutane su bi shi da shuka, masara da wake da kuɓewa da kabewa su fito ba taki ba ban-ruwa. A gefen Chadi, wajen Bol, har alkama ake nomawa a fadamun da aka datse. Ga nonon shanun Budumawa, masu manyan ƙahoni kamar tulu, da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Talaka ba ya kwana da yunwa a tafki muddin akwai zaman lafiya.

Faya dabino ne arzikinta. Kurmin dabinonta ya miƙe kilomita da dama a cikin kwari, a ƙarƙashin itatuwan kuma akwai 'yan lambuna na albasa da tumatir da ganye. Amma gero da dawa daga kudu ake hawo da su, taliya da fulawa da man girki da sukari da fetur kuma yawanci daga Libiya suke gangarowa. Ranar da aka rufe iyaka ko faɗa ya tashi a kudancin Libiya, kafin mako ya zagayo ka ji a tukunyarka. Bahaushen da ya saba da tuwo miyar kuka sai ya yi guzurin kukarsa da daddawarsa da busasshiyar kuɓewa, in ba haka ba ya koyi cin taliya safe da dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sha. Faya ba ta samun ruwan sama da ya kai milimita 20 a shekara, akwai shekarun da ko ɗigo ba ya sauka, amma ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, ka haƙa kaɗan ka same shi. A tumbu kuwa kana zaune tsakiyar ruwa, amma ruwan da ake wanka a ciki, ake wanke kifi, shanu suke bi, shi ake ɗiba a sha. Na fi samun lafiyar ciki a hamada fiye da tsakiyar tafki. Shi ya sa na ce wa yaron in ya zaɓi tafki, kada ya yi wasa da tafasa ruwa ko sa masa magani, ko da abokan zama za su ce ya cika tsirfa.

Yanzu maganar sana'a, wadda ita ce ta fi damunsa. A tafki aikin inji ba ya yankewa lokacin kamun kifi. Kowane babban jirgin katako da injinsa a baya, ciyawa na naɗe farfela, ana zuba gurɓataccen mai, ga injinan niƙa da na ban-ruwa a gaɓa. Masunta kuma in kasuwa ta buɗe hannunsu a sake yake. Matsalar ita ce kusan komai a bashi yake tafiya. Dillali ya ba masunci taru da gura, wato tarkon kifi, da mai, masunci ya biya da kifi, kai mai gyara a ce ka jira a ɗaure kwalaye a kai kasuwa. In dumba, wato shingen gura da ake jerawa a ruwa, ta kama, kowa ya yi dariya. In ruwa ya ƙi, ko aka rufe hanyar kasuwa, bashinka ya bi ruwa, ba kuma wanda za ka riƙe domin shi ma bai samu ba. Sannan akwai maganar kuɗi iri biyu. A gefen Darak naira tana yawo tare da sefa, domin kifin tun asali kasuwannin Najeriya yake nufa. Faɗuwar naira a 2016 da kuma 2023 ta cinye wa mutane da yawa guminsu suna riƙe da shi a aljihu. Wanda zai zauna can ya saba da mayar da abin da ya samu sefa da wuri.

Wani abu kuma da baƙo ba ya ganewa sai ya daɗe: tafkin ba ya zama wuri ɗaya. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, daga baya ya sake farfaɗowa, a 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta cinye gidaje da gonaki. Garuruwa da yawa na yankin bin ruwa aka yi aka kafa su. Har rigimar iyaka wannan ja da cikowa ta haifar, wadda tana cikin abin da ya kai Kamaru da Najeriya Kotun Duniya, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, a Disamba 2003 Najeriya ta miƙa Darak da ƙauyuka sama da 30. Ina can aka sauya tuta. Mun kwanta a ƙasa ɗaya mun tashi a wata, kifin kuwa bai san an yi ba. Abin da wannan ke nufi ga mai sana'a shi ne kada ya zuba kuɗinsa a gini. Rumfar da ke bakin ruwa bana, baɗi tana iya zama a tsakiyar gona ko a ƙarƙashin ruwa.

A Faya ciniki ya fi tsayawa a kan kuɗi hannu. Duk motar da ta ratso Jurab ko ta gangaro daga Libiya tana isowa da ciwo, yashi yana cin inji kamar gara. Ga famfunan lambu, ga janareta, ga faifan hasken rana da suka yawaita. Mai gyaran da ya iya aiki, ba ya ƙarya, ba ya sauya wa mutum kayan mota, sunansa yakan yi tafiya a bakin direbobi har garuruwan Fada da Zuwar. Amma kayan gyara tsada gare su, abin da babu a gari kuma sai ka aika Njamena ka jira mota. Lokacin kakar dabino, daga Yuli zuwa Satumba, gari yakan cika da masu raƙuma da fatake, kuɗi su yi yawo. Lissafi da riyal ake yi, riyal ɗaya sefa biyar, daidai da dalarmu, wannan ba zai ba Bahaushe wuya ba.

Na ja masa kunne a kan abu ɗaya. Duk saurayin da ya zauna Faya wata uku sai wani ya zo masa da labarin zinariya. Tun wajen 2013 da aka gano ta a yankin Tibesti, can kusa da iyakar Libiya, motoci ke wucewa da samari zuwa Kuri Bugudi da makamantansa. Na ga masu tafiya da yawa, masu dawowa da abin kirki kaɗan na gani. A Mayun 2022 faɗa ya ɓarke a Kuri Bugudi tsakanin masu haƙa, mutum wajen ɗari suka mutu. Na ce masa, "Ɗana, in ka je Faya, gyaran motar masu zuwa zinariya shi ne zinariyarka. Kada ka hau motar."

Sai maganar da na fi daɗewa a kanta, wadda samari ba sa sa ta a lissafi: da wa za ka yi hira? A tumbunan tafki Hausa ce harshen kasuwa da na jirgi. Kabawa da Sakkwatawa da Haɗejawa sun daɗe da zuwa su, suka tarar da Budumawa da Kanembu da Kotoko da Barebari da Larabawan Shuwa, daga baya ga Musgum ga Jukunawa ga mutanen Mali da suka kawo gura. In an haɗu, Hausa ake yi. Za ka sami mai kiran sallah da muryar garinku, mai ƙosai da safe, mai shayi da rediyonsa, malamin allo, wanzami, mai tsire. In matarka ta haihu akwai masu yi mata wankan jego, in ka rasu akwai masu sallatarka da suka san sunan ubanka. Wuri ne mai nisa da birni, amma ba ka jin kai baƙo ne.

Faya ba haka take ba. Garin Goran ne, harshensu Dazaga, sai Larabcin Chadi a kasuwa, sai Faransanci a ofis. Hausawa akwai su, amma 'yan kaɗan ne, yawanci mahauta da masu sana'ar hannu da 'yan tireda. Watannina shida na farko can sun fi kowane lokaci yi mini nauyi a rayuwa. Ba wanda ya cuce ni. Shirun ne. Bayan isha'i gari ya yi tsit, ba kukan kwaɗi, ba ƙarar jirgi, sai iska a ganyen dabino. Sai in zauna in ga ba wanda zan yi wa ba'a ya gane, ba wanda zan ce wa "ina gajiya" ya amsa yadda aka saba. Akwai daren da na kira gida ba don wani dalili ba, sai don in ji ana Hausa a tsakar gida.

Mutanen wurin ba sa saurin sakin jiki da baƙo. Gaisuwarsu doguwa ce, maganarsu kaɗan, suna da kishin kai, dangi kuma a wurinsu ba abin wasa ba ne. Rigimar da za ka ɗauka tsakaninka da mutum ɗaya ce, ta dangi ce gaba ɗaya, in jini ya zuba maganar diyya ce. Saboda haka mai saurin baki da saurin hannu kada ya je. Amma wanda ya riƙe harshensa, ya cika alkawari, ya zauna aka sha shayi da shi ba ya gaggawar tashi, zai ga wani irin riƙon amana da ban taɓa gani ba. Wani dattijo maƙwabcina, da ya shekara yana amsa gaisuwata da kalma biyu, shi ne ya tsare mini shago wata biyu lokacin da mahaifiyata ta rasu, na dawo ya miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin tsumma, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Ɗan ƙanwata yana jin Larabcin Chadi tun yana yaro, kamar yawancin 'yan Kusuri, wannan ya rage masa rabin wahalar da na sha.

Da a ce a nan lissafin ya tsaya, da tafki na ce masa ya tafi, ban ko yi dogon tunani ba. Abin da ya juya lissafin shi ne tsaro, kuma ba zan sassauta shi ba don kada wani ya ce ban faɗa ba. Tun da rikicin Boko Haram ya shiga tafki, tumbunan ciki sun zama wurin da mai bindiga ke karɓar haraji a hannun masunci da makiyayi, wurin da ake ɗauke mutum a nemi fansa, wurin da kuma jami'in tsaro ke iya zarginka don kawai ya gan ka da jarkar fetur. Mai gyaran inji yana cikin waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya, domin kowane ɓangare yana bukatar hannunsa, in ya yi wa wannan aiki wancan ya sa masa ido, ƙi kuma ba ya yiwuwa. A Oktoban 2015 an tayar da bama-bamai a Baga Sola. A Yunin 2019 an kai wa Darak kanta hari, sojoji da fararen hula suka mutu. Ranar 23 ga Maris 2020 aka kashe sojojin Chadi kusan ɗari a Boma, a Oktoban 2024 kuma wajen arba'in a Barkaram. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin mai hedikwata a Njamena tana aiki, garuruwan gaɓa da dama sun sami sauƙi, kasuwanni suna ci. Amma barcin da na sani a tumbu kafin 2014, ka shimfiɗa tabarma a waje cikin gidan sauro har asuba, ban ƙara jin wanda ya ce ya yi irinsa ba.

Faya ma ta sha yaƙi, ta sha fiye da yawancin garuruwan Chadi. 'Yan tawaye sun kama ta a 1978, sojojin Libiya sun zauna a cikinta, sai a Maris 1987 aka kore su bayan yaƙin Wadi Dum. Har yau akwai ragowar tankokin yaƙi a cikin yashi, akwai kuma nakiyoyin da aka binne a wasu wurare na Borku da Ennedi da Tibesti, shi ya sa ba a sauka daga sawun mota don neman gajeriyar hanya. A Afrilun 2021 ma 'yan tawayen da suka fito daga Libiya ta arewa suka gangaro, a faɗan ne Shugaba Idriss Deby ya rasa ransa. 'Yan fashin hanya ma akwai. Bambancin shi ne, a cikin garin Faya baƙo mai sana'a ba shi ake nema ba. Hatsarin yana kan hanya da wajen gari, ana kuma iya kauce wa yawancinsa da bin ayari da jin maganar masu wuri. A tumbu hatsarin har ɗaki yake iske ka.

Ta wajen lafiya kowanne da nasa. Tafki gidan sauro ne, da magariba sai ka ji kamar ana kaɗa gurmi a kunnenka, shanu ma hayaƙi ake yi musu. Zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, amai da gudawa in ruwa ya ɓaci, ga dorina ga mai shiga ruwa da dare. Ɗiyata ta fari ta yi zazzaɓi mai tsanani wani dare a tumbu, muka rasa man jirgi, sai da gari ya waye muka kai ta gaɓa. Allah ya tashi kafaɗunta, amma tun daga ranar ban ƙara kwana ba tare da jarkar mai a ɓoye ba. Faya sauro bai kai na tafki ba ko kusa, amma kunamarta mugunya ce, tana kashe yara, ba a sa takalmi sai an kakkaɓe, ba a shimfiɗa wa yaro a ƙasa. Zafin bazara yakan wuce digiri 40 wata da watanni. Ciwon da ya fi ƙarfin likitocin gari kuma, Njamena ce, kilomita dubu, jirgin sama kuwa ba na talaka ba ne. A nan tafki ya fi, domin in hanya a buɗe take, Kusuri da Njamena yini guda ne.

Sai iska. Hazon da ke rufe Kano da Marwa da Garwa da hunturu, mafi yawansa daga kusa da Faya yake tasowa, daga kwarin Bodele, wanda masana suka ce babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya, har ƙurarsa tana tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon. Mu a kudu sauransa muke gani. A can ranar da ta tashi ba ka ganin mutum a taku goma, ta shiga abinci, ta shiga ido, ta shiga cikin injin da ka buɗe. Mai ciwon asma kada ya gwada. Wani direba ya taɓa tsayar da mota a Jurab ya tono mini ƙashin kifi da bawon katantanwa a cikin farar ƙasa. Ashe wurin gindin tafki ne a zamanin da, kwarin Bahar Gazal da muke bi ta Musoro shi ne hanyar da ruwan Tafkin Chadi ke bi ya malala can. A yankin ne ma aka tono ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da ake kira Tumai a 2001, mai shekara wajen miliyan 7. Na daɗe riƙe da ƙashin kifin nan a hannu. Na baro ruwa na zo hamada, ashe a cikin tafkin nake har yanzu, sai dai ya riga ni tashi.

Waya tana kamawa a cikin garin Faya, Airtel da Moov, da ka fita kuma sai Thuraya, wayar tauraron ɗan'adam ta direbobi. A tafki garuruwan gaɓa suna samun MTN da Orange ko layukan Chadi, can ciki kuwa sai ka nemi tudu. Makarantar boko duka biyun da rauni, amma garin Faya hedikwatar lardi ce, ta fi tumbu nesa ba kusa ba. Karatun allo kuma tafki ya fi yawan malamai masu jin harshen yaranka.

A dare na uku na faɗa masa ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba. Na ce tumbunan ciki a cire su daga lissafi, ko nawa dillalin zai biya. In dillalin ya yarda ya zauna a garin gaɓa mai jami'an tsaro da kasuwa, irin Bilanguwa, a riƙa kawo masa injinan can, to wannan abin dubawa ne, kuma shi ya fi dacewa da mai sabon aure, domin amarya za ta sami mata 'yan'uwanta, uwarta kuma tana iya zuwa ganinta. In kuwa dole sai ya bi jirage ciki, ya ba shi haƙuri. Faya kuma ta mutum ɗaya ce a shekarar farko. Kada ya ɗauki 'yar mutane daga tsakiyar danginta ya kai ta inda ba ta da wanda za ta yi wa magana, shi yana tasha tun safe har dare. Ya je shi kaɗai, ya ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya, ya kama ɗaki, ya san maƙwabta, sannan a yi shawara da ita, ba a yanke mata ba.

Na kuma tuna masa wuri na uku da bai kawo a ransa ba. Madatsar Lagdo, a kan kogin Binuwai kudu da Garwa, da aka gama a 1982, ta tara masunta Hausawa da Musgum da Kotoko, wasunsu ma daga Tafkin Chadi suka koma can. Akwai injinan jirgi, akwai Hausa da Fulatanci, Garwa kuma ba ta da nisa. Kifin bai kai na Chadi ba, masu gyara ma sun riga shi, samun ba zai yi yawa ba, amma mutum yana barci.

Ya yi shiru yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Kawu, in na je Faya, me zan fara saya?"

Na ce rawani mai tsawo, da bargo mai kauri, da tocila don kunama, da jarka biyu ta ruwa tasa ta kansa ko da direba ya ce akwai. Kayan aikinsa ya naɗe su a leda saboda yashi. Ya bar wa mahaifiyarsa lambar direban da ta mai rumfar. Kuka da daddawa kuma ya bar wannan a hannuna, gwaggonsa za ta haɗa masa na wata shida.